ANON: kalmar da ta faro daga "nan take" ta ƙare a "sai an jima"

'Yata, saƙonki ya iso, kuma na ji daɗi ƙwarai da na ga ba ki saki Turanci ba bayan kin bar aji. Kin ce kina wasan cike gurbin kalmomi na jaridun Amurka a wayarki, wanda suke kira crossword, sai aka ba ki ishara mai kalma ɗaya tak, "Shortly", da gida huɗu. Kika rubuta SOON a kwance, kalmomin tsaye da ke ratsa ta daga sama zuwa ƙasa suka ƙi zama, da kika leƙa amsa sai kika tarar da ANON. Bayan 'yan kwanaki aka sake kawo miki ANON ɗin, amma a wannan karon isharar tana maganar marubucin da ba a san sunansa ba. Kina son sanin ma'anarta, da ko kalma ɗaya ce a wuraren biyu, da kuma ko za ki iya sa ta a rubutunki.

ANON ta farko kalma ce ta ajin bayanau, bayanau na lokaci, kuma ma'anarta a Turancin yau ita ce "ba da jimawa ba", "nan gaba kaɗan", "an jima". Ana ɗora nauyin murya a kan gaɓa ta biyu, a-NON, a sassauta ta farkon. ANON ta biyu kuwa ba su haɗa ko kaka ba. Guntun kalmar anonymous ce, wadda ta samo asali daga Girkanci, ma'anarta "marar suna". Rubutu ne kawai ya haɗa su, kamar yadda farin launi da farin rashin ruwan sama suke fitowa iri ɗaya a takarda, sai zance ya raba su.

Kafin mu yi nisa, ki sani ba ki yi kuskuren Turanci ba da kika rubuta SOON. Amsa ce ingantacciya ga "Shortly", allon ne kawai ba ita yake nema ba a ranar. Ki jera su ki gani: S-O-O-N da A-N-O-N. Harafi na uku da na huɗu iri ɗaya ne, O da N. Saboda haka duk ranar da kika haɗu da ishara irin wannan mai gida huɗu, ki cike gidaje biyun ƙarshe hankalinki kwance, ki bar biyun farko a buɗe, ki koma kan kalmar da ta ratsa gida na farko. Idan ta ba ki S shi ke nan, idan ta ba ki A kin san inda aka dosa. Akwai kuma wata doka da za ta rage miki wahala: amsa ba ta fitowa a cikin ishararta. Muddin kika ga kalmar "soon" a jikin isharar, kamar a ce "Soon, to a poet" ko "Soon, old-style", to SOON ta fita daga lissafi, ANON ake nufi. Wannan jelar da ake liƙawa bayan waƙafi, wadda ke ambaton mawaƙi ko Shakespeare ko zamanin da, ita ce hanyar da mai tsara wasan yake raɗa miki cewa kalmar tsohon yayi yake so.

Abin da ya fi ba ni sha'awa game da kalmar shi ne tarihinta, domin ma'anar da kika gani a ƙamus ba ita ce ta haihuwarta ba. A tsohon Turanci na sama da shekara dubu da suka wuce, kalmomi biyu ne, on da an. Ta farkon tana nufin "a cikin", ta biyun ita ce "ɗaya", wato kakar kalmar one ta yau. In aka haɗa su sai a sami "a cikin ɗaya": a tafiya ɗaya, a numfashi ɗaya, ba tsayawa. Mu ma muna da irin wannan ginin, domin idan Bahaushe ya ce "lokaci guda sai ruwa ya ɓarke", ba ƙirga lokuta yake yi ba, yana nufin abin ya zo ba shiri ba jira. Wannan "ɗaya" ɗin tana ɓoye a cikin wasu kalmomin da kika sani sarai. Alone asalinta all one ne, atone asalinta at one ne, wato a mai da ɓangarori biyu su zama ɗaya, haka only da none duk daga wannan tsatson suka fito. To anon 'yar gidan ce, kuma ma'anarta ta farko ita ce "nan take".

Haka take a wurin Chaucer, mawaƙin Ingila da ya rasu a 1400. A buɗewar labaran matafiyansa masu zuwa Canterbury, mai ba da labarin ya ce ya zanta da kowannensu a masauki har ya zama ɗan ayarinsu anon, wato kafin ka ce kwabo. Ba ya nufin sai an jima. Idan yana son ya ƙara mata ƙarfi ma yakan ce right anon, kamar mu ce "yanzun nan".

Misali mafi kyau da na sani na yadda ma'anar ta fara zamewa yana cikin wasan kwaikwayon Shakespeare na Sarki Henry na Huɗu, kashi na ɗaya, wanda aka fara bugawa a 1598. Yarima Hal, ɗan sarki mai jiran gado, yana wata mashaya a unguwar Eastcheap ta Landan. Akwai yaron gidan mai suna Francis, wanda aikinsa hawa da sauka ne yana kai wa baƙi abin sha. Yarima ya haɗa baki da abokinsa Poins: shi zai tsare yaron da hira, Poins kuma ya shiga wani ɗaki ya yi ta ƙwala masa kira. Yaron ba shi da ikon juya wa ɗan sarki baya, ba shi kuma da ikon ƙyale baƙon da ke kiransa, sai ya tsaya a tsakiya yana ta maimaita "Anon, anon, sir". Can sai Yarima ya tuna masa da wani sukari na kwabo ɗaya da yaron ya ba shi, ya ce zai biya shi fam dubu a kansa, ya nema duk lokacin da ya so. Daidai nan Poins ya sake kira, yaron ya amsa da anon, sai Yarima ya yi kamar da shi ake, ya ce masa, a Hausance, "Yanzu-yanzu, Francis? A'a, sai dai gobe, ko ranar Alhamis, ko duk ranar da ka ga dama." Wannan amsar ta Yarima ita ce shaidar da muke nema. Da a ce kalmar tana nufin "an jima" a kunnen masu kallo na wancan zamani, da maganar ba ta yi ma'ana ba. A bakin yaron tana nufin "ga ni nan tafe yanzu", amma ƙafarsa ba ta motsa ba, kuma duk wanda ke zaune a gidan wasan yana ganin tazarar da ke tsakanin abin da ya faɗa da abin da ya yi.

Ki dubi yaron mai shayin bakin titinku da sassafe. Wannan yana cewa a ƙara masa madara, wancan yana jiran ƙwai, na ƙarshen benci yana buga kofi a tebur. Yaron yana yanka burodi yana cewa "Ina zuwa, Alhaji, yanzu-yanzu." Ba ƙarya yake yi ba, har zuciyarsa yana nufin zuwan, hannu biyu ne kawai Allah ya ba shi. Amma idan mutum ya ji "yanzu" sau ɗari kuma kowane karo sai ya jira, kunnensa zai koyi cewa "yanzu" tana da tsawo. Shi ya sa muka ninka ta muka ce "yanzu-yanzu", muka ƙara mata "nan" muka ce "yanzun nan", domin ita kaɗai ta daina isa. Abin da ya sami anon ke nan a bakin barori da yaran shago da masu amsa kira na Ingila shekara da shekaru, har ƙamus ya bi sahun abin da jama'a suke ji.

Ba ita kaɗai abin ya shafa ba, kuma wannan zai amfane ki a wasan, domin kalmomin da ake ba ki a matsayin ishara duk sun bi hanyar. Soon kanta a tsohon Turanci "nan take" take nufi. Presently a zamanin Shakespeare "yanzun nan" ce. By and by ma haka. Akwai wuri guda da za ki ga biyu daga cikinsu kafaɗa da kafaɗa, a fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki James ta 1611, cikin Matiyu sura 13. Aya ta 20 tana maganar irin shuka da ya faɗa a kan duwatsu, wato mutumin da ya ji magana ya karɓe ta da murna anon. Aya ta 21 ta ce da tsanani ya zo sai ya yi tuntuɓe by and by. A Girkancin asali kalma ɗaya ce a wuraren biyu, euthus, ma'anarta "nan da nan". Masu fassarar sun zaɓi kalmomi biyu da a zamaninsu suke nufin gaggawa, yau kuma Baturen da bai san tarihin ba zai karanta su ya ɗauka ana nufin "bayan ɗan lokaci", alhali saurin karɓa da saurin saki su ne dukkan darasin. Fassarorin Turanci na zamani sun maye gurbinsu da immediately ko at once saboda wannan. Har yanzu ma abin bai tsaya ba: a Turancin Afirka ta Kudu idan mutum ya ce miki zai yi abu just now, to ki nemi wurin zama, sai ya ce now now ne za ki fara sa rai.

Wannan ne dalilin da ya sa wani lokaci, musamman a wasannin ƙarshen mako masu tsauri, za ki iya ganin an ba da ANON da ishara mai nufin "nan take" tare da alamar tsohon yayi. Ba kuskure ba ne, tsohuwar ma'anar aka tono. Amma mafi yawan lokaci "ba da jimawa ba" ake nufi: "Shortly", "In a bit", "Before long", "By and by", "In a while", "Presently".

Akwai ma'ana ta uku da ke zaune cikin jumla guda ƙanƙanuwa, ever and anon, wato "jefi-jefi", "lokaci zuwa lokaci". A wannan wasan kwaikwayon da na ambata, jarumi Hotspur yana ba da labarin wani bafade ɗan ƙwalisa da ya zo filin daga riƙe da ɗan akwatin turare, yana kai shi hanci ever and anon. Masu tsara wasa suna son wannan jumlar saboda tana ba su ishara mai sauƙi ta cike gurbi: "Ever and ___". Idan kika ga wannan da gida huɗu, ko dai ANON ce ko EVER, domin ever and ever ma ana faɗa, amma dokar da na gaya miki ta hana EVER tunda tana cikin isharar.

Ita kuwa ɗayar, guntun anonymous, a rubutu na yau da kullum da ɗigo take zuwa, Anon., a ƙarƙashin waƙa ko zancen hikima da ba a san mai shi ba. Aikinta ɗaya da namu na "Hausawa suka ce" ko "masu iya magana suka ce". Marubuciyar Ingila Virginia Woolf ta taɓa rubutawa a 1929 cewa a hasashenta wannan Anon ɗin da ya rubuta waƙoƙi masu yawa bai sa hannu ba, sau da yawa mace ce. Nakan tuna maganar duk lokacin da na ji waƙar daka ko ta reno, waɗanda kowa ya haddace amma babu wanda zai iya gaya miki wadda ta fara rera su. A allon wasa babu gidan ɗigo, shi ya sa kalmomin biyu suke zama abu ɗaya. Amma ƙa'idar wasannin Amurka ita ce idan amsa gajartacciya ce, dole ishara ta nuna. Ko dai a rubuta "Abbr." a ƙarshe, ko "for short", ko kuma a gajarta wata kalma a cikin isharar kanta, kamar a rubuta "auth." maimakon author. Da zarar kin ga an guntule kalma a ishara ba gaira ba dalili, ki sani amsar ma guntuwa ce. Hanya ta ƙarshe da za ta iya zuwa miki ita ce "Al-___", sunan wata ƙungiya da aka kafa a Amurka a 1951 domin tallafa wa iyalan masu fama da shan barasa.

Kin kuma yi ƙorafin cewa me ya sa za a riƙa kawo kalmar da ba wanda ke faɗa. Ƙorafinki yana kan hanya, amma laifin na ginin allon ne. Wasan ya fara ne ranar 21 ga Disamba 1913, lokacin da Arthur Wynne, ɗan asalin Liverpool, ya buga shi a jaridar New York World. Jaridar New York Times ta daɗe tana raina shi, sai a Fabrairun 1942 ta fara nata, ƙarƙashin editarta ta farko Margaret Farrar, kuma tsarin da ya kafu a zamaninta shi ake bi har yau. Allon ranakun mako gida 15 ne a kwance 15 a tsaye, na Lahadi 21 da 21. Babu kalmar da za ta gaza harafi uku. Idan kika juya allon ƙasa ta koma sama, baƙaƙen gidaje za su faɗa daidai inda suke. Sai babbar dokar: kowane farin gida dole ya kasance cikin kalma biyu, ɗaya ta kwance ɗaya ta tsaye.

Wannan dokar ta ƙarshe ita ce ta haifi duk abin. Ki ɗauka mai tsara wasan ya shimfiɗa dogayen amsoshinsa masu daɗi guda uku ko huɗu, waɗanda domin su ya zauna aikin. Yanzu ya rage masa ya cike kusurwa, inda kalmomi huɗu na kwance za su hau kan juna, kuma kowane layi na tsaye da suka haifar dole shi ma ya zama kalma. Kamar magini ne da ya gama aza manyan duwatsu, yana neman ƙananan da za su toshe tsakani. Kalmar da za ta yi masa wannan aikin sai gajera, mai haruffan da suka fi yawa a Turanci, wadda wasali da baƙi suke bin juna a cikinta. Ki dubi tamu: wasali, baƙi, wasali, baƙi, kuma A da N da O duk haruffa ne da ake samu a ko'ina. Ga shi ta fara da wasali, abin da ba shi da yawa a gajerun kalmomin Turanci. Shi ya sa take yawo a allo fiye da yadda take yawo a bakin mutane. Tana da abokan zama da yawa, irin su ETUI, ɗan gidan allura, da ERNE, wata gaggafar teku, da ADIT, ƙofar ramin haƙar ma'adinai, da ALEE, wato ɓangaren jirgin ruwa da iska ba ta bugawa. A zamanin edita Eugene Maleska, daga 1977 zuwa 1993, irin waɗannan sun yi yawa ƙwarai. Da Will Shortz ya karɓa a 1993 sai aka karkata ga harshen yau da kullum, da dama daga cikinsu suka ja baya. ANON ta tsira, kuma a ganina dalili shi ne ƙofofinta da yawa: ana iya shigo da ita ta waƙa, ta cike gurbi, ta gajartawa, kuma duk wanda ya yi karatun adabin Ingilishi ya taɓa cin karo da ita. Ni ban ɗauke ta cikin tarkacen da ake haddacewa don dole ba. Kalma ce mai rai a littattafai, kuma sanin ta zai buɗe miki shafukan da ba su da alaƙa da wasa.

Idan wata rana kika tsallaka zuwa wasannin Birtaniya, irin na jaridar The Times ta Landan da ta fara nata a 1930, za ki tarar da wata duniya dabam. Ni da su na fara, a tsofaffin jaridun da ake tarawa a ɗakin karatu, kuma na yi makonni ina kallon isharorin kamar an rubuta su da wani harshe kafin wani dattijon malami ya zaunar da ni ya warware min guda ɗaya da fensir. A can kowace ishara kashi biyu ce a haɗe: ma'anar kalmar a farko ko a ƙarshe, sauran kuma umarni ne a ɓoye na yadda za a gina ta harafi bayan harafi, sannan a sa adadin haruffa a baka. Wani malamin makaranta, Derrick Macnutt, wanda ya yi suna da laƙabin Ximenes a jaridar Observer, shi ya tsara ƙa'idojin adalcin wannan salo a littafinsa na 1966.

Bari in tsara miki misalai da kaina ki ga yadda kalmarmu take shiga. "Priest loses his head shortly (4)". Mai karatu zai ga limamin coci zai fusata nan gaba kaɗan. Amma canon muƙami ne na limaman coci, a cire masa kai, wato harafin farko, sai a sami ANON, ma'anarta kuma ga ta nan a ƙarshe, shortly. Wani kuma: "A French refusal, presently (4)". Harafin A, sai "a'a" ta Faransanci, non, a haɗa su. Ko a ɓoye ta cikin wata kalma: "Soon seen in Lebanon (4)". Ki karanta sunan ƙasar a hankali, haruffa huɗun ƙarshe su ne amsar. Wanda na fi so shi ne wanda ya haɗa tambayoyinki biyu a wuri guda: "Nameless, shortly". Idan kika karanta shi a matsayin "marar suna, a gajarce", guntun anonymous ne. Idan kika ɗauki kalmar ƙarshe ita kaɗai, bayanau ɗinmu ne. Ta kowace ƙofa kika shiga ɗaki ɗaya za ki faɗa. Ki lura da wannan tarkon na shortly da briefly a wasannin Birtaniya, domin sau da yawa ba ma'ana suke bayarwa ba, umarni ne cewa a datse wa wata kalma harafinta na ƙarshe.

Saura tambayarki ta uku, kuma a nan zan yi miki magana ta malami. Kada ki sa ta a takardar neman aiki, ko saƙo zuwa ga shugabanki, ko rahoto. Na taɓa duba wasiƙar wani ɗalibi mai ƙoƙari da ya rubuta cewa zai kawo takardunsa anon. Ya tsinto ta ne a ƙamus, ya ga tana da kwarjini, ya ɗauka za ta ƙara wa wasiƙar daraja. Na tambaye shi ranar da yake nufi, ya ce Litinin. Na ce to ya rubuta Litinin. Matsalar ba tsufan kalmar kaɗai ba ce. Kalma ce da tarihinta kaf na alkawarin da ba a sa wa rana ba ne, kuma wanda ke jiran takardunki rana yake son ji. Muna da wannan ɗabi'ar a Turancinmu na son kalma mai nauyi, kuma na fahimci inda ta fito, amma mai karatu ya fi girmama wanda ya faɗi abu a sarari.

Inda take da rai a yau wurare ne kaɗan. Marubuci yana tsakiyar bayani sai ya taɓo wani batu da ba ya son ya shiga yanzu, sai ya ce more anon, ko of which more anon, wato "za mu dawo kan wannan". Wannan yana da kyau, kuma za ki iya amfani da shi a maƙala ba tare da kowa ya ɗaga gira ba. A Birtaniya kuma za ki ji wasu, musamman manya, suna sallama da see you anon, daidai da "sai an jima" tamu, da ɗan ƙanshin raha da tsohon yayi a ciki. Ta fuskar nahawu kuma ba ta da sakewa irin ta soon. A ƙarshen jumla take zama, bayan aikatau, kuma galibi kan abin da bai faru ba tukuna. Soon tana da sooner da soonest, ana cewa very soon da as soon as possible. Anon ba ta karɓar ko ɗaya daga cikin waɗannan, yadda take haka take fita.

Tunda kin shigo wannan layin, ki riƙe 'yan uwanta biyu da za ki haɗu da su ba da daɗewa ba. ERE mai gida uku tana nufin "kafin", ana ba da ita da "Before, to a bard" ko makamancin haka, kuma ko ta ina kika karanta ta, daga hagu ko daga dama, abu ɗaya ce. ERST mai gida huɗu daga ita ta fito, ma'anarta "a da", ita ce ke cikin erstwhile da jaridunmu suke yawan liƙa wa tsofaffin masu muƙami. Abokiyar takararta a allo ita ce ONCE, domin dukansu suna amsa "Formerly", sai dai su ba su haɗa harafi ko ɗaya a gida ɗaya ba, don haka a nan babu abin da za ki rubuta sai kalmar tsaye ta ba ki haske.

Ga guda na tsara miki irin na Birtaniya ki gwada, amsarta tana cikin wasiƙar nan: "Formerly part of understanding (4)". Ki bi doguwar kalmar harafi bayan harafi da yatsa, kamar yadda muka yi wa sunan ƙasar nan, ki turo min abin da kika samu. Ki gaida mutanen gida.